Katin Taba da Ya Rabu Biyu a Cikin Ruwa

Ni ɗan baduku ne. A gidanmu a Kano, yaro kan iya riƙe wuƙar fata tun kafin ya iya ɗaure wandonsa. Mahaifina kube yake ɗinkawa da gafaka, kuma tun ina ƙarami ya ce hannuna ya fi na yayyena, domin nakan fere fatar akuya har ta koma kamar takarda ban huda ta ba. Abin da na rasa shi ne zama wuri ɗaya. In na fara aiki da safe, kafin azahar zuciyata ta tafi wani wuri. "Hannu dai Allah Ya ba ka," in ji shi, "amma ƙafar yawo gare ka." Ba zan faɗi sunana ba, saboda ina da 'ya'ya yanzu. Ku dai matasa ku saurara, don ba daɗin labarin ne ya sa nake ba da shi ba.

A tsakiyar shekarun alif ɗari tara da tamanin na sauka Landan da sunan karatu. Ƙanin mahaifiyata, Kawu Habu, likita ne a can, shi ya ɗauki nauyina, ya ba ni ɗaki a gidansa da ke Woolwich. Na fara karatun akanta na bari. Na koma na injiniya, shi ma na bari. Na yi wankin kwanuka, na yi gadi, na yi rabon jarida, babu wanda na daɗe a kai. Nakan shiga jirgin ƙasa ba don ina da wurin zuwa ba, sai don kawai kada in zauna a ɗaki in ji ƙarar agogo.

A wannan yawon ne wata rana ruwan sama ya kora ni cikin wani ɗan shago a Marylebone. Mai shagon wani tsohon Bature ne, Mista Alfred, siriri, mai tabarau biyu, ɗaya a hanci ɗaya a rataye a wuya. Na tarar yana fama da wani tsohon kundin hotuna da bangonsa ya yage. Na ga yadda yake riƙe wuƙa, sai raina ya ƙi. Na ce ya ba ni in gwada. Kafin ruwan ya ɗauke na gyara masa bangon. Ya juya kundin, ya sake juyawa, sannan ya ce, "Kana da aiki?" Na ce a'a. Ya ce, "To, yanzu kana da shi."

Abin da Mista Alfred yake sayarwa zai ba ku dariya, don ni ma ya ba ni. Tun kafin yaƙin duniya na farko, kamfanonin taba sukan saka ɗan kati a cikin kowane kwalin sigari, tsawonsa bai wuce yatsa ba. A gaba hoto, a baya tallar tabar. Mutane suka riƙa tarawa, jikokinsu suka gada, abin ya zama kasuwa. Yawancin kayansa na Ingila ne, 'yan wasan kurket da 'yan ƙwallon ƙafa da jiragen ruwa. Amma akwai wata durowa a ƙarƙashin kanta da yake kullewa, a nan yake ajiye na Amurka, hotunan 'yan wasan ƙwallon sanda da suke kira besbol. Su ne masu tsada, kuma Amurkawa har Landan suke biyo su.

Da na gaya wa Kawu Habu, ya ajiye cokali ya dube ni. "Wato duk kuɗin makarantar da na biya, a katin taba za ka ƙare? Hoton ƙatti riƙe da sanda?" Matarsa ta yi ta dariya. Ya ce, "To, in dai za ka yi settle wuri ɗaya, ko toka kake sayarwa na yarda."

Abin mamaki, na zauna. A karon farko a rayuwata na shekara a wuri guda. Mista Alfred ya koya mini sana'ar kamar ɗansa, kuma darasin farko shi ne juya kati. "Jahili gaba yake kallo," in ji shi. "Mu baya muke kallo." Ya ɗora mini kati biyu a kan kanta, mutum ɗaya, hula ɗaya, murmushi ɗaya. Ya juya su. Ɗaya tallar wata taba ce da aka sha a ko'ina, irinsa sun yi yawa har ana cika akwati da su. Ɗayan tallar wata 'yar taba ce da ba ta yi kasuwa ba, aka buga kaɗan aka daina. Na farkon kuɗin abincin rana ne, na biyun ya fi albashina na wata. Akwai kuma wanda tallar ɗaya ce amma launin tawadar ya bambanta, baƙa ko ruwan ƙasa. Akwai wanda bambancinsa ba ya wuce 'yar lambar ma'aikatar da aka rubuta a can ƙasa da ƙananan haruffa. In aka haɗa shahararren ɗan wasa a gaba da baya mai wuyar samu, to an zo wurin da manyan mutane ke rawar hannu.

Babu wata hukuma da ke tantance kati a lokacin, aƙalla ba a wajenmu ba. Maganar dillali ita ce shaida. Mista Alfred ya yi shekara arba'in a kasuwar, kuma in ya ce kati na gaskiya ne, daga Landan har bayan teku babu mai ja. Mutum kan bugo waya daga Amurka ya sayi katin da bai gani ba, don dai daga hannun tsohon ya fito. Ba shi da mata, ba shi da ɗa, gidan da yake kwana ma haya ne a saman shagon. Sunan nan shi ne dukiyarsa duka.

Da na tsaya a nan, da yau wani labarin nake ba ku. Amma ran Juma'a nakan haɗu da 'ya'yan masu kuɗinmu na Arewa, waɗanda iyayensu ke da gidaje a unguwar. Ba su yi mini komai ba, hasali ma suna jana a jiki. "Taho mu je mu ci abinci, mun yi booking." Sai in bi su da kwat ɗina na gwanjo, in zauna ina lissafin kuɗin jirgin komawa Woolwich. Da suka tambaye ni aikina, na ce ni dillalin kayan tarihi ne. Daga ranar ƙaiƙayin rashin zaman nan ya dawo mini. In ina shago ina tunanin motarsu, in ina cikin motarsu ina tunanin yadda zan sami tawa.

Da ƙarami na fara. Wani kati ya lanƙwashe a kusurwa, na miƙar da shi, na shafa masa ɗan launi, ban faɗa ba. Aka saya da kuɗin lafiyayye. Mista Alfred ya sa tabarau biyu bai gani ba. A ranar ban ji kunya ba, daɗi na ji, kuma wannan daɗin shi ya kai ni ya baro. Bayan nan na datse gefen wani don ya yi kyau. Bayan nan na zare kati biyu daga wani kwali da muka sayo a gidan mamaci, na ce ai ba wanda ya ƙirga.

Wata rana ina riƙe da wani kati mai baya mai wuyar samu, amma gabansa wani ɗan wasa ne da ba wanda ya damu da shi, fuskar ma ta goge. Na duba kaurinsa ta gefe, sai yatsuna suka tuna da fatar akuya. Na sayi katin da kuɗina, na sayi na wani shahararre mai baya na gama-gari, na kai su ɗakina. Na fere gaban wancan, na fere bayan wannan, har kowanne ya koma rabin kaurinsa. Mista Alfred yana da wata fitila mai shuɗin haske da ke tona asirin gam na zamani, don haka ban taɓa gam ba. Na dama garin alkama da ɗan ƙaro, yadda muke yi a gida, na manne su, na danne da littattafan likitanci na Kawu. Da ya bushe, ni da na yi shi ma sai da na nemi wurin haɗin na rasa. Kati biyu na gaskiya na kashe, na haifi na ƙarya ɗaya.

Saura yadda zan sayar. Ni ba kowa ba ne, ba mai sayen irin wannan a hannuna. Sai na ƙirƙiro wata tsohuwa a Deptford. Na ce wa Mista Alfred mijinta ma'aikacin jirgin ruwa ne da ya zauna a Amurka, ya mutu ya bar mata kundi, ba ta son baƙi, ni kaɗai ta yarda da ni saboda ina ɗaukar mata kaya a kasuwa. Ya karɓi katin, ya haska fitila, ya sa madubin ƙara girma, ya shinshina. "Shekara ashirin rabon da in riƙe irin wannan," in ji shi. Ya sayar da katin a kan shaidarsa, ya ba ni kason tsohuwa da nawa, duka suka shiga aljihuna. Har kwalin biskit ya ba ni in kai mata.

Na yi na biyu, na yi na uku. Na sayi kwat, na sayi tsohuwar mota, na kama hayar flat, ɗan gida nawa ni kaɗai, na bar gidan Kawu. Na zaci in na samu zan natsu, ashe ƙarya ne. Barci ya ƙaurace mini. Duk wayar da ta yi ƙara a shago sai in ce asirina ya tonu. Duk Ba'amurken da ya turo ƙofa sai in ga kamar kati ya dawo da shi. Nakan ce daga wannan na daina, kafin mako ya zagayo ina yawon kasuwanni ina neman wani mai gogaggiyar fuska. Kawu Habu ya zo ya ga flat ɗin, ya duba labule, ya duba talabijin, ya ce, "Ɗana, katin taba ne ya yi wannan?" Na ce kasuwa ce ta buɗe. Ya ce, "Allah Ya sa. Ni dai ban taɓa ganin mai samun halal yana kallon ƙofa haka ba."

Shi kuwa Mista Alfred sai ƙara son tsohuwar Deptford yake. Wata rana ya ce, "Abin da ya yi wuya shekara da shekaru, ga shi yana fitowa daga kundi ɗaya. Wasu a Amurka sun fara tambaya. Na ce musu ni na duba da idona." Ya faɗi haka yana murmushi, ni kuwa na zame na shige bayan shago don kada mu haɗa ido. Na ji tausayinsa a ranar, wallahi na ji, amma ban daina ba.

Na ƙarshen shi ne mafi girma. Wani dillali Ba'amurke ya bugo ya ce zai zo Landan, yana neman wani shahararren ɗan wasa mai baya ruwan ƙasa, kuma ko nawa ne zai biya. Lokaci ya ƙure, ni kuma dama ba mai haƙuri ba. Ina fere bayan cikin gaggawa, wuƙar ta zame ta ci wuri ɗaya a can ƙasa, har haske na ratsawa. A gidanmu in haka ta faru jefar da fatar ake yi. Ni kuwa na ƙi asara. Na yago 'yar takarda daga wani tsohon kundi na manna a wurin, kamar ragowar shafin da aka ɓamɓaro katin daga jikinsa. Tsofaffin katuna da yawa haka suke zuwa, har na yaba wa kaina dabara.

Ba'amurken ya zo da hantsi, ƙato, mai fara'a. Ya duba gaba ya yi fito. Ya juya baya ya daɗe. Sannan ya ɗora farce a kan 'yar takardar ya ce, "Lambar ma'aikata tana ƙarƙashin nan. Masu lamba ɗaya na san akwai su, mai ɗaya lambar kuwa ban taɓa jin wanda ya gani ba. Sai na gani kafin mu yi ciniki."

Mista Alfred ya yi dariya ya ce wannan ai mai sauƙi ne. Irin waɗannan katunan ruwa ba ya cin hotonsu, dillalai sun saba jiƙa su don ragowar kundi ta saki. Na sha ganin yana yi wa masu araha, ban taɓa kawowa zai yi wa mai tsada ba. Ya juyo ya ce mini, "Ɗora ruwa, kada ya yi zafi sosai."

Ni na ɗora ruwan. Ni na zuba a faranti na kawo da hannuna. Ƙofar baya tana buɗe, kuma duk rayuwata gudu na iya, amma ranar ƙafata ta ƙi. Tsohon ya sa katin a ruwa a hankali, yana ba baƙon labarin tsohuwar Deptford da biskit ɗin da take so. 'Yar takardar ta saki ta taso. Ya sa yatsa zai kawar da ita, sai kusurwar katin ta buɗe baki. Muna kallo, fuskar ɗan wasan ta zame gefe ɗaya, tallar taba ta zame ɗaya gefen, ruwan ya yi fari da garin alkama.

Ba'amurken ya ɗauki jakarsa. A bakin ƙofa ya ce, "Guda nawa ka sayar mana irin wannan, Alfred?" Bai jira amsa ba. Mista Alfred bai yi ihu ba. Ya cire tabarau ya ce, "Babu wata tsohuwa, ko?" Na ce babu. Ya ce, "To wa ya ci biskit ɗin?" Ban san abin da ya sa wannan tambayar ta fi mari zafi ba.

Waɗanda aka cuta suka kai ƙara. 'Yan sanda suka tarar da wuƙata da ragowar feren kati a flat ɗina, ban ma yi musu ba. A kotu na ce tsohon bai san komai ba, alƙali ya yarda, ya wanke shi, ni kuma ya aika ni gidan yari. Kawu Habu ya zo ziyara sau ɗaya a farko. Ya zauna ya kasa kallona. "Mahaifiyarka tana tambaya," in ji shi. "Na ce mata kana wani course a wajen gari. Ka sa ni ƙarya da furfurata." A can ne mai ƙafar yawo ya koyi zama. Ɗaki taku kaɗan, ƙofa ba ta buɗuwa ta ciki. Watannin farko na yi ta zagaye kamar kura a keji. Daga baya na gaji, na koma ga sallar da na daɗe da saki, na roƙi Allah gafara. Ina can mahaifina ya rasu, ban sami jana'izarsa ba.

Da aka sake ni a cikin shekarun casa'in, aka ba ni 'yan makonni in tattara in koma gida. Na je Marylebone, na tarar shagon ya zama wurin sayar da tufafi. Da tambaya da tambaya na gano Mista Alfred a kasuwar Deptford, a bakin titi, yana sayar da tsofaffin katunan gaisuwa a kan teburi mai naɗewa. Ya rame, sanyi na dukansa. Na tsaya a gabansa na ce na zo neman gafara.

Ya dube ni ya daɗe, sannan ya sunkuya ya jawo wani akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin teburin ya buɗe. Cike yake da katunan besbol, jere a tsare. Ya ce bayan shari'ar, duk wanda ya taɓa sayen kati a hannunsa ya dawo da shi, har waɗanda suka saya tun kafin a haife ni. Ya sayar da shagon da kayan ciki ya mayar wa kowa kuɗinsa.

"Na jiƙa su ɗaya bayan ɗaya," in ji shi. "Naka ba su kai ashirin ba, na ƙone su. Duk waɗannan na gaskiya ne."

Na ce to ai sai ya sayar, dukiya ce a cikin akwatin nan. Ya girgiza kai. "Wa zai saya? Ta hannuna suka bi."

Na ce zan rubuta wa dillalan duka, zan tsaya gaban kowa in rantse cewa nawa sun ƙare, sauran masu kyau ne. Ya yi ɗan murmushi, ba na mugunta ba. "Rantsuwar wa?" in ji shi. Ya rufe akwatin. Ya ce ya yafe mini tun da daɗewa, don riƙon ba ya ƙara masa komai, sannan ya roƙe ni in matsa gefe saboda na tare wa masu saye hanya.

Na dawo gida, na koma kan fata, na yi aure. Yau in wuƙata ta huda aiki, jefar da shi nake, ko fatar nawa ce. Na tuba, kuma ina fatan Allah Ya karɓa. Amma ku ji ni da kyau, ƙannena. Lokacin da nake miƙar da kusurwar kati, ce wa kaina nake masu kuɗin Amurka nake ɗan tatsa, ba za su ji a jikinsu ba. Ban taɓa lissafa tsohon da ke tsaye kusa da ni ba. Duk mai zamba da amanar wani yake cin kasuwa, don shi ba shi da tasa. In an koya muku sana'a, an yarda da ku, kuka ji zuciya na cewa ɗan wannan gyaran ba wanda zai gani, to ku ajiye wuƙar ku fita ku sha iska. Ni na yi zaman gidan yarina na gama, an buɗe mini ƙofa na fito. Mista Alfred, wanda bai yi laifin komai ba, a bakin titin nan ya ƙare kwanakinsa, da akwatin gaskiya a ƙarƙashin teburi ba mai taya shi ko sisi.